Ƙwaƙwalwar Kwamfutar da Ba Ta Mutu Ba

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Abakpa sun riga sun san labarin, waɗanda ba su san ni ba kuwa sunan ba zai ƙara musu komai ba. Da ku samari nake magana, musamman ku da Allah Ya ba wata sana'ar da masu kawo muku aiki ba su san kanta ba.

A Badarawa, cikin Kaduna, aka haife ni. Mahaifina akawu ne a wata ma'aikata, mutum ne da ko biron ofis ba ya dawowa da shi gida. Ba mu da arziki, amma ban taɓa kwana da yunwa ba, ban taɓa zuwa makaranta ba takalmi ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani mai tausayi ya ce talauci ne ya jefa ni. Ba talauci ba ne, son banza ne, kuma da ƙafata na tafi.

Da na gama sakandare jarrabawa ba ta yi kyau ba, sai mahaifina ya kai ni wurin abokinsa Alhaji Sule, mai gyaran tafireta da injin kwafi a wajen Kawo. Lokacin ne kwamfuta ta fara shiga ofisoshi da shagunan buga takardu, a farkon shekarun casa'in. Yawancinsu na hannu ne, waɗanda aka gama yayinsu a waje aka lodo mana. Alhaji ya ga inda duniya ta dosa, ya koma koyon gyaransu da furfurarsa, ni kuma ina gefensa ina ɗauka. Kaina na ja, wannan kam ba yabon kai ba ne. Kafin shekara biyu na fi shi saurin hannu.

Bari in yi muku bayanin abin da ya zame mini tarko. A cikin kowace kwamfuta akwai wani faffaɗan allo kore da muke kira bod. A kansa akwai wata 'yar aba mai kusurwa huɗu, faɗinta bai fi na kwalin ashana ba, ƙarƙashinta cike da ƙafafu sirara kamar allurai. Mu a sana'a furosesa muke ce mata, in za mu yi wa mai kaya bayani sai mu ce ƙwaƙwalwa. Ita ce mafi tsada a cikin akwatin. Kuma mai rai da matacciya kamarsu ɗaya, ba ta wari, ba ta canja launi, sai fa in ƙonewa ta yi ƙurmus, wanda ba kasafai ake gani ba.

Alhaji yana da ƙa'ida, ya maimaita ta har na gaji da ji. In an kawo kwamfuta ta ƙi tashi, ƙwaƙwalwa ce ta ƙarshe da za ka zarga. Ka fara duba ko wuta na shiga. Ka zare katunan da ke jikin bod, ka goge ƙura, ka mayar ka danna. Ka kasa kunne in ka kunna: ƙara ɗaya, ƙit, lafiya ke nan, in ta jera kuka da yawa, to ƙwaƙwalwa na nan da ranta, wani wuri ne ke ciwo. Ka duba ƙafafun ko wata ta lanƙwashe. Sai duk wannan ya ƙare za ka cire ta ka kai kan bod ɗin gwaji. A nan ma ba ta mai kaya za ka fara ɗorawa ba. Taka za ka ɗora, wadda ka tabbata tana aiki, mai kaya yana kallo har gilashin kwamfutar ya kawo rubutu, don a san abin gwajin kansa lafiya yake. Sannan ka cire ka sa tasa. In ta yi ɗumi gilashi ya kawo, da ranta. In shiru, ka sake gwadawa a wani bod ɗin kafin ka buɗe baki. Yakan ce mini, "Cewa ta mutu magana ce mai nauyi, yaro. Mai kaya ba shi da ido a nan, naka ya ara." Ni kuwa gani nake tsufa ne ke sa shi surutu.

Wata rana Alhaji ya tafi Zariya ta'aziyya, wata mata mai shagon buga takardu ta aiko da kwamfutarta. Ina sauri, ban bi ƙa'ida ba. Na kunna, shiru, na ce ƙwaƙwalwa ce. Na sa mata wata daga cikin na shago, da na zo mayar da katuna na danna su da kyau, kwamfuta ta tashi, aka biya, aka tafi da ita. Wallahi a ranar ban yi niyyar cuta ba. Bayan kwana biyu ina share tebur na ga tsohuwar ƙwaƙwalwarta a cikin gwangwani, na ce bari in ɗora ta in gani. Ƙit! Gilashi ya kawo rubutu tar. Ashe kati ne ya saki, ita lafiyarta ƙalau.

Na daɗe zaune ina kallonta. Shagon matar bai fi tafiyar minti goma ba. Na ce in na je na faɗa za ta ce ban iya aiki ba, Alhaji kuma ya wanke ni tas. Na jefa ta aljihu da niyyar gobe. Goben nan ta yi mako. Ran nan wani mai saye da sayar da kayan kwamfuta ya leƙo yana tambaya ko akwai ta hannu, sai kawai na ji hannuna ya shiga aljihu. Na yi kwanaki ina zaman ɗar-ɗar, duk wanda ya yi sallama sai in zaci ita ta aiko. Babu wanda ya zo. Da matar nan ta zo ta kama wuyan rigata a makon, da ta yi mini gata.

Daga nan duk ranar da Alhaji ya yi tafiya sai an yi rasuwa a shagon. Amma dattijon ba a banza ya tsufa ba. Wata safiya yana shan shayi, ko kallona bai yi ba, ya ce, "Wai me ya sa ƙwaƙwalwa ba ta mutuwa sai ranar da ba na nan?" Na yi dariya na ce wutar lantarki ce ke zuwa da ƙarfi. Ya ce, "Haka ne. Ita ma wutar ta san ranar tafiyata." Tun daga ranar ya fara kulle durowa yana tafiya da makulli. Ni kuma na yi fushi, ku ji fa, ɓarawo da fushin an zarge shi! Na tattara na bar shi, na kama shago a Abakpa. Ya je ya ce wa mahaifina ya sa mini ido. Da mahaifina ya tambaye ni, na ce hassada ce don masu kawo aiki sun fi nemana. Ya yarda da ni, ya ɓata da abokinsa na shekaru.

A sabon shagon na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina. Mutanen Kaduna ba wawaye ba ne, an sha cutarsu, kowa da zarginsa yake shigowa. In ka ce wa mutum ƙwaƙwalwa ta mutu sai ya ce a nuna masa. To, na ce zan nuna musu. Na sami bod mai kyan gani, na juya bayansa, na kankare siririn layin da ke kai wa ƙwaƙwalwa wuta. In an kunna fanka na juyawa, 'yar fitila na kamawa, komai kamar gaske, amma duk abin da ka ɗora a kai ba zai motsa ba. Na kafa shi a tsakiyar tebur inda kowa zai gani. Matakin fara ɗora mai aiki kuwa na watsar da shi, wa ya san da shi balle ya tambaya?

Sai in ce wa mai kaya ya matso. In ɗora tasa a gabansa, in kunna, mu zuba wa baƙin gilashi ido. In kama yatsansa in aza a kai, in ce, "Ji da kanka, Alhaji. Mai rai ɗumi take yi, wannan sanyi ƙalau." Nan take sai ka ga jikin mutum ya mutu, ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri. In ya ce a ba shi gawar, ina da su cike da durowa, waɗanda nake tsinta a wurin 'yan gwangwan. In juya baya kamar ina neman takardar naɗewa, in musanya. Tasa mai rai kuwa gobe ita zan sayar wa wani a matsayin wadda ta zo daga waje. Akwai wanda na sayar wa tasa ta kansa, ya yi mini godiya har da addu'a. Sunana ya fita a gari, wai Injiniya mai gwaji a gaban ido.

Wannan sunan ne ya kai ni wata ma'aikata, aka ba ni kula da kwamfutocinsu. A nan na gamu da Malam Isyaku, mai kula da sito. Dattijo ne Bakatsine, siriri, da tabarau ɗaure da zare, saura shekara biyu ya yi ritaya. Shekara talatin da 'yan kai yana riƙe da makullin sito, ba a taɓa neman ko tsintsiya an rasa ba, kuma bai taɓa ba wani aron makullin ba. Ba shi da gidan kansa, ba shi da mota, wannan sunan na mai amana shi ne duk abin da ya tara. Ma'aikata na tsokanarsa wai ko iska ce za ta fita daga sitonsa sai ta sa hannu. Ran farko ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Samari, ni ban san kwamfuta ba, amma na san mutane. Duk abin da ka cire, ina biye da shi har ya dawo."

Haka kuwa ya yi. In na ce ƙwaƙwalwa nake zargi, sai ya sa ta a ambulan, ya tura aljihun gaba, ya hau bayan babur ɗina har Abakpa. Zuwansa na farko ya hana ni sakat. Don mi sai a nan za a gwada? Wannan fitilar ta mene ce? Mi ke cikin waccan durowa? Na ce tarkace ne, ya ce in buɗe. Na buɗe, ya ga su birjik, na ce gawarwakin da masu su suka bari ne. Ya kafe ni da ido ta saman tabarau. Na gane wannan ba irin waɗanda ake yi wa gaggawa ba ne. Na ce masa bod ɗin da ke kan tebur na wani iri ne daban, na ciro na gaskiya daga ƙarƙashi, na ɗora, gilashi ya kawo. Na ce, "Baba, da ranta, ba sai gwamnati ta sayi wata ba." Karo na biyu ma haka na yi. Ya koma ofis yana gaya wa kowa cewa a ƙarshe an sami yaro ɗan halak.

A karo na uku na yanka. Duk bod kore ne a idonsa, bai san wanne na kafa ba. Ya taɓa, ya ji sanyi, ya girgiza kai. Na ɗauke ta da hankici wai don kada hannu ya lanƙwasa ƙafafunta, alhali a cikin hankicin akwai gawa tana jira. Ya buɗe ambulan da kansa na zura masa. Ya liƙe, ya rubuta a bayansa, "Ta mutu, an gwada a gabana, na gani da idona." Ya sa hannu. Cikin shekara guda da 'yan watanni ambulan goma sha ɗaya suka taru a sitonsa.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne a tsakanin nan mutumin ya so ni. Ya daina ce mini samari, ya koma ɗana. In ya zo yakan riƙo mini ƙuli-ƙulin da matarsa ke yi, mu yi la'asar tare a bakin shago. Wata rana ya ce mini burinsa ɗaya ne, ya miƙa makulli a bincika a ce ba a sami komai a kansa ba, ya karɓi haƙƙinsa ya sami ɗan fili a Katabu, can wajen gari, ya kafa ɗaki biyu. Na ce Allah Ya cika buri, Baba. Da bakin nan nawa na ce amin, ƙwaƙwalwar da na sace masa a ranar tana cikin aljihuna.

Sai aka kawo sabuwar shugabar sashen kwamfuta, Hajiya Rakiya, wadda ta karanci abin sosai. Mace ce marar yawan magana, in tana kallonka sai ka ji kamar ka manta da wani laifi. Makonta biyu ta tambaya me ya sa ƙwaƙwalwa ke mutuwa a ofis ɗin nan kamar kaji, ita a iya saninta abu ne da yakan daɗe bai lalace ba. Ta sa aka fito da ambulan ɗin nan duka, ta farke. Ni da nake zaɓar gawa ban taɓa damuwa da irinta ba, don Malam bai san bambanci ba. Wasu sun girmi kwamfutocin ofis ɗin nesa ba kusa ba, guda biyu ma ko ramin da ake dasa ƙwaƙwalwa a kan bod ba za su shiga ba. Aka kafa kwamiti. Mutum biyu ne kawai suka taɓa kayan, ni da shi.

Ana gobe za a zauna Malam ya zo shagona da hantsi, ya rame, idonsa ya yi zuru-zuru. Ya zargi masinja, ya zargi masu shara, ya ce ko wani ne ya saci makullin yana salla ya je aka yanka masa irinsa. Babu wanda bai lissafa ba a ma'aikatar nan, ban da ni. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, ka taho gobe ka faɗa masu abin da muka gani tare. Kai kaɗai ne shaidata." Na ce kada ya damu, in Allah Ya yarda zan zo.

Na je. An baje su a kan tebur, goma sha ɗaya, kowace a kan ambulanta. Hajiya Rakiya ta ce, "Injiniya, waɗannan su ne ka cire daga kwamfutocinmu?" Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ina juyawa kamar mai nazari, alhali na san kowace, har wadda na tsinta a cikin buhun wani ɗan gwangwan a Kawo. In na ce su ne, za a tambaye ni yadda aka yi abin da ba ya shiga rami ya fito daga ramin. In na ce ba su ba ne, saura mutum ɗaya. Malam yana zaune a gefe yana gyaɗa mini kai, wai in yi magana kada in ji tsoro.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ba su ba ne. Waɗanda na ba Malam irin na kwamfutocinku ne. Abin da ya faru bayan sun shiga sito ban sani ba." Da na tsaya nan ma da sauƙi. Ba wanda ya tambaye ni, na ƙara da cewa ai ko matacciya akwai masu saye a kasuwa. Malam ya cire tabarau, ya dube ni, ya ce, "Injiniya?" 

Hajiya ba ta yarda da ni ba, na gani a fuskarta. Ta juya ta tambaye shi ko da gaske a gabansa aka yi gwajin. Ya ce a gabansa ne. Ko ya taɓa barin kayan a shagona ya tafi? Ya ce ko sau ɗaya. Wa ya liƙe ambulan? Shi. Wa kuma ke da makullin sito? Ya ce shi kaɗai, shekara talatin. Ga rubutun hannunsa a bayan kowace ambulan. Duk tsantsenin da ya yi don ya tsare kayan gwamnati shi ya wanke ni, ya ɗaure shi. Da zai yi ƙarya ɗaya ya ce ya taɓa juya baya, da ya tsira, amma ba irinsa ba ne. Aka kore shi saura wata bakwai ya yi ritaya, ba kuɗin sallama ba fansho. Ni aka ce kada in sake taka ma'aikatar. Na fito na hau babur ina hamdala, ku ji rashin kunya.

Kuna zaton na daina? Ina! Na ƙara shekara guda ina yi. Wanda ya kawo ƙarshena wani mai buga katin gayyata ne, Malam Tanimu, da na kashe wa ƙwaƙwalwa sau biyu. Karo na uku ya zo da wani mutum cikin kaftani, ya ce wansa ne, ya miƙo mini ƙwaƙwalwa a takarda ya ce in duba. Na ɗora, na kunna, na kama yatsansa kamar kullum. Ya zare hannunsa ya ce, "Wannan da ka gani, yanzun nan na ciro ta daga kwamfutar da ke aiki a shagona." Mai kaftanin ya fito da katin ɗan sanda, ya ce in ɗauko kowace ƙwaƙwalwa da na ga dama a shagon in tayar da ita a kan bod ɗin nan ya gani. Duk wadda na ɗora ba ta tashi ba. A ofishinsu suka nemi masani ya duba, sai ga Alhaji Sule. Ya juya bayan bod ɗin, bai yi minti ɗaya ba ya aza farce a kan wurin da na kankare. Ya ajiye, ya sa hularsa daidai, ya fita ko kallona bai yi ba.

Da labari ya bazu, waɗanda na cuta suka yi ta zuwa. Masu bincike sun tambaye ni batun ma'aikatar nan, na rantse ba ni da hannu, don na san kayan gwamnati zai ƙara mini shekaru. Dama ta biyu ke nan na samu in wanke dattijon nan, na sake zaɓar kaina. Alƙali ya yanke mini shekara uku. Mahaifina bai zo kotu ba, bai kuma zo gidan yari ba ko sau ɗaya.

A gidan yari ba wanda ke yarda da kowa. Kwanonka a hannunka, sabulunka a cikin wando, in mutum ya yi maka murmushi sai ka laluba aljihu. Wata rana da rana tsaka sabulun wani ƙato ya ɓace, aka ce ni ne don gadona ke kusa. Wallahi ba ni na ɗauka ba. Na rantse, na yi kuka, na ce a caje ni. Aka caje ba a samu ba, aka ce na ɓoye ne, aka yi mini dukan da sai da na yi mako ina ɗingishi. Ina kwance ina jin zafin abin, ba zafin dukan ba, zafin a ce ka yi abin da ba ka yi ba kuma ba ka da yadda za ka nuna. Sai fuskar Malam Isyaku ta faɗo mini, lokacin da ya cire tabarau. Ni a kan sabulu ne, kuma mako ɗaya. A ranar na fara tuba ta gaske, ba ta wanda aka kama ba.

Da na fito, kafin in nemi abin yi na nemi Malam. Na yi ta tambaya har aka kwatanta mini Katabu. Ya je Katabun, amma ba gidansa ba, ɗaki ɗaya ne a kangon wani ɗan'uwansa. Na same shi a bakin hanya da ɗan tebur, yana sayar da ashana da gishiri da kananzir a kwalba. Na yi sallama, ya amsa, ya gane ni, bai ce in zauna ba. Na durƙusa a ƙasa na faɗa masa komai, bod ɗin, hankicin, durowar. Ya bar ni har na gama.

Ya ce, "Na sani tun ranar da aka kama ka. Na ɗauki ƙafa na tahi ofis ina murna, na ce ga gaskiya ta fito. Ka san mi suka ce? Suka ce ashe tare muke ci. Ba kai ne kake hawa bayan babur ɗinsa ba? Ba kai ne kake yabonsa ba?" Ya gyara kwalaben kananzir ɗinsa, sannan ya ce, "Abin da yake nawa na yafe maka, don ina son Allah Ya yafe mani. Amma ɗiyana ana ce masu ɗiyan ɓarawon sito. Wannan ba ni da ikon yafe shi."

Na ce zan je da kaina in faɗa musu. Ya ce in je in gwada. Na rubuta takarda shafi uku, na sa hannu, na kai ma'aikatar. Hajiya Rakiya an yi mata canjin wurin aiki tuni. Jami'in da na samu ya karanta rabi, ya tambaye ni daga ina nake. Na ce daga gidan yari. Ya yi dariya ya kira na kusa da shi ya ce, "Zo ka ga ɓarawo ya zo wanke abokinsa." Ya tambaye ni me tsohon ya yi mini alkawari in an biya shi. Na koma sau huɗu, a na ƙarshe mai gadi ya hana ni shiga. Malam ya rasu bayan shekara biyu a ɗakin nan na kango, fayil ɗinsa yana nan yadda aka rufe shi. Na je jana'iza na tsaya a sahun baya, babban ɗansa ya aiko aka ce in tafi, na tafi.

Yanzu ina gyaran fanka da dutsen guga a wata rumfa. Wanda ya san tarihina in ya kawo aiki tsayawa yake a kaina har in gama, kuma ban ga laifinsa ba. To samari, ga abin da nake roƙonku. In mutum ya kawo muku abin da bai san kansa ba, ya ce ku duba masa, ku ji tsoron Allah a kan kalmar da za ta fito daga bakinku. In kun yi kuskure kun ce abu ya mutu alhali da ransa, ku koma a ranar ku faɗa, kada ku ce gobe. Kunyar minti goma ce, ni na guje ta. Kada ku ce ai ɗan ƙarfe ne, ko ai kayan gwamnati ne ba na kowa ba. Kowane kaya akwai mutumin da ya sa hannu a kansa, kuma in ta fashe shi za a kama. Gidan yari ana fitowa, ga ni na fito. Sunan da kuka ɓata wa wani kuwa ba ku da ikon gyara shi, don ranar da kuka zo da gaskiyar bakinku ya riga ya zube.

Malam Isyaku bai saci komai ba. Ƙwaƙwalwa goma sha ɗayan nan duk da ransu suka bar hannunsa, ni na musanya su a gaban idonsa, ni na sayar, ni na tsaya gaban kwamiti na ɗora masa. Na faɗa a ofis an yi mini dariya. Na rubuta a nan ko Allah zai sa a cikinku a sami wanda zai yarda.